Mace, Talaka, Baƙuwar Harshe: Yadda Ake Rabon Lafiya a Ƙasarmu

 

An nemi in yi magana a kan bambancin da ke tsakanin mutane wajen samun lafiya, kuma zan fara da alƙaluma biyu, ina roƙon ku riƙe su har mu tashi. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken nan na lafiyar iyali da ake yi a Nijeriya duk bayan 'yan shekaru. Binciken ya nuna cewa a Jihar Kebbi, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 252 ba sa kaiwa shekara biyar. A Jihar Ogun kuwa 30 ne. Wato a Kebbi uwa mai 'ya'ya huɗu, a lissafi, ta riga ta rufe ɗaya. Ƙasa ɗaya ce, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ɗaya ce, sauron da ke cizo a Argungu shi ne ke cizo a Abeokuta. Amma jaririn da ya faɗo a Kebbi ya fi wanda ya faɗo a Ogun haɗarin mutuwa sau takwas.

Duk musulmin da ke zauren nan ya san rai na Allah ne, kuma babu mai wuce ranarsa. Wannan ba abin jayayya ba ne. Sai dai malamanmu su ne suka koya mana cewa an umarce mu da riƙon sababi, kuma kare rai yana cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo domin su. Idan mutuwa ta riƙa zaɓen unguwa, tana zaɓen jinsi, tana zaɓen aljihu, shekara da shekaru ba ta kuskure, to da hannun mutane a ciki. Abin da nake son in tabbatar muku a yau ke nan: wannan bambanci shirya shi aka yi, ta hanyar inda aka kai kuɗi da inda aka hana, da wanda aka saurara da wanda aka daka wa tsawa. Abin da mutum ya shirya kuwa, mutum na iya warware shi.

Kafin mu shigo gida, bari mu leƙa waje kaɗan, don kada wani ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Birtaniya ta kafa tsarin lafiya kyauta ga kowa tun 1948. Duk da haka a 1971 wani likita mai suna Julian Tudor Hart, wanda ke duba masu haƙar kwal a wani ƙauye na yankin Wales, ya rubuta cewa kulawar asibiti mai kyau takan yi ƙaranci daidai inda aka fi buƙatarta. A 1980 kwamitin da Sir Douglas Black ya shugabanta ya tabbatar da cewa leburori da iyalansu na mutuwa da wuri fiye da manyan ma'aikata, gwamnatin lokacin kuwa sai ta buga kwafi kaɗan na rahoton don kada ya yaɗu. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo misalin birnin Glasgow: namijin da aka haifa a unguwar talakawa ta Calton ana kyautata masa zaton shekara 54, na unguwar Lenzie, tafiyar 'yan kilomitoci, shekara 82.

A Amurka abin ya fi fitowa a launin fata. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata kusan 70 suka rasu, farare kuwa kusan 27. Kada ku ce talauci ne kawai, domin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar macen da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa a kan gwiwa. Serena Williams, wadda duniya ta sani a wasan tanis, mai kuɗi da suna, ta ba da labarin yadda bayan ta haihu a 2017 ta ji numfashinta na sarƙewa. Ta san jikinta, ta taɓa fama da gudajin jini a huhu, ta faɗi hoton da ya kamata a ɗauka da maganin da ya kamata a ba ta, amma da farko aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Da aka duba, yadda ta faɗa haka aka samu. Idan har irin wannan mata sai ta yi da gaske kafin a ji maganarta, ku auna matar da ta zo daga ruga da zane ɗaya.

To, mu dawo gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka yi irin wannan mutuwa a faɗin duniya. Mun san inda mafi yawansu suke. Binciken 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti, a Kudu maso Gabas kuwa 82. Kuma wannan ba sabon labari ba ne. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Jihar Ribas da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya ɓaci, su ne ke mutuwa ninki-ba-ninki, kuma mafi yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Ya kuma gano wani abu da ya kamata kowane uba ya ji: yaran mata masu cikin fari da aka ba maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro, tsawonsu ya ƙaru a lokacin da suke ɗauke da cikin. Ma'ana jikinsu bai gama girma ba aka ɗora musu girmar wani. Shekara arba'in ke nan da sanin wannan. Ilmin yana nan a ɗakin karatu na jami'ar a Samaru.

Masana suna cewa jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Bari in nuna muku yadda ukun nan ke haɗuwa a dare ɗaya, kuma na san da yawanku kun ga irinsa da idonku.

Yarinya ce mai shekara goma sha shida, cikin fari, ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Naƙuda ta tashi bayan la'asar, amma ba ta faɗa ba, domin tun tana ƙarama aka koya mata cewa mai kunya ba ta raki, balle a kan ɗan fari. Sai bayan isha'i kakarta ta lura da yadda take dafa bango. Aka kira ungozoma, aka kawo rubutu, aka jiƙa saiwa. Gari ya waye, rana ta take, kan ɗa ya ƙi saukowa. Wata a cikin gidan ta ce a tafi asibiti, aka ce mijinta yana ci-rani a Kurmi, sai an same shi a waya. Da aka same shi bai hana ba, cewa ya yi a ba shi zuwa yamma ya nemi kuɗi ya turo. Uban ya ja akuya zuwa gidan mahauci ya sayar a wulaƙance. Mota ba ta shiga garin da damina, sai aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa bakin titi, daga nan mai a-kori-kura ya ga halin da ake ciki ya ninka kuɗi. Asibitin sha-ka-tafi na farko a kulle yake, domin ma'aikaci ɗaya ne kuma a birni yake kwana. A babban asibiti aka miƙa wa uban takarda: safar hannu, auduga, ruwan ƙari, allurai, zaren ɗinki, da leda biyu ta jini, ya kawo masu bayarwa ko ya biya. Babu wutar lantarki, ana jiran a tayar da janareta. Likitan da zai yi tiyata shi kaɗai ne, yana kan wata.

Idan ta rayu, ɗan dai ya tafi. Kuma kan nan da ya kwana biyu yana danne da mafitsara ya kashe naman wurin, bayan 'yan kwanaki sai fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun farkon shekarun 1980 yana ɗinke dubban irin waɗannan mata a asibitin Babbar Ruga na Katsina da asibitin Murtala na Kano. Ku shiga ɗakinsu ku tambaya: 'yar wane kwamishina ce a nan? 'Yar wane farfesa? Ba za ku samu ba. Ciwon ya san gidan da yake shiga.

Yanzu in tambaye ku: cikin wannan dare, wa ya kashe jaririn? Idan aka je taro a Abuja amsar a shirye take, al'ada ce, mutanen Arewa ba sa barin matansu zuwa asibiti. Ba zan wanke mu ba. Akwai magidancin da har gobe zai ce namiji ba zai ga matarsa ba, ko da kuwa jini take zubarwa. Akwai yankan gishiri. Akwai wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, wanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. Duk wannan namu ne, mu za mu gyara. Amma binciken 2018 ya tambayi matan da kansu abin da ke hana su zuwa asibiti. Kashi 46 cikin 100 suka ce kuɗi, kashi 26 suka ce nisa, kashi 11 ne suka ce neman izini. Kun ga ashe sau da yawa "maigida bai yarda ba" rufin asiri ne. Namiji ya fi son a ce masa mai tsauri da a ce ba shi da ko sisi. Shi kuma mai mulki, kalmar al'ada ta yi masa daɗi, domin al'ada ba ta buƙatar kasafin kuɗi, ba ta buƙatar a gina titi ko a ɗauki ungozoma aiki. Da an ce al'ada ce, an sallami kowa.

Abu ɗaya da ya fi kowane magani tasiri a alƙaluman nan shi ne karatun uwa. 'Ya'yan matar da ba ta yi makaranta ba, 170 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar; na wadda ta wuce sakandare, 56. Mai karatu takan yi aure jikinta ya nuna, tana gane alamar haɗari, tana iya karanta katin rigakafi, kuma, wannan shi ne babba, tana iya buɗe baki ta yi wa malamar asibiti tambaya ba tare da jikinta na rawa ba. Sannan akwai wani zagaye da muka ɗaure kanmu da shi: muna son mace ta duba matanmu, amma mun cire 'ya'yanmu mata daga makaranta tun kafin su kai ga shiga makarantar ungozoma. Daga ina likita mace za ta fito? Wanda ya ce addini ne ya hana, ya koma ya karanta yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya caccaki malaman zamaninsa masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma duba aikin 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Ba ina nufin maza sun tsira ba. Namijin ƙasar nan ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi ranga-ranga. Tarin fuka ya fi kama maza, hawan jini na kwantar da su ba su taɓa gwadawa ba, domin ranar da ɗan dako ya je layin ganin likita, ranar gidansa ba a ɗora tukunya. Wannan ma bambanci ne. Amma nasa ba haihuwa ce ke kawo shi bakin kabari duk bayan shekara biyu ba.

Na zo kan ƙabila, kuma a nan ina son mu yi wa kanmu adalci. Mun saba kallon kanmu a matsayin waɗanda aka bari a baya idan an gwada mu da Kudu, kuma alƙaluma sun gaskata haka. Bahaushiyar da ke zaune a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Nima ta birnin Accra ta san ɗacin tsayawa gaban ma'aikaciyar da ba ta jin yarenta, ta san kallon da ake yi mata idan ta ce wannan haihuwarta ta bakwai ce. Amma a asibitocin Arewa, mu ne masu rinjaye. Hausa ce harshen layi, harshen kati, harshen tsawa. To yaya muke yi da wanda ba ya jin ta sosai?

Ku tsaya a bakin ɗakin awo na kowane babban asibiti a ranar kasuwa. Bafulatana ta taso tun asuba daga ruga, ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa, ta ajiye ƙwaryar nononta wajen wata a bakin ƙofa. Ta iso an gama raba lamba. Hausarta ta ciniki ce, ta san kuɗin nono da na man shanu, amma ba ta da kalmomin da za ta ce idonta na ganin duhu-duhu, kanta na sarawa, ƙafarta ta kumbura, alhali waɗannan su ne alamomin jijjiga. Aka ce mata "Ke 'yar Fulani, matsa can," aka yi dariyar yadda ta faɗi wata kalma, aka ce ta dawo mako mai zuwa. Mako mai zuwa sun yi ƙaura. Ba za ta dawo ba, kuma za ta gaya wa duk matan rugarsu abin da aka yi mata. Gobe ma'aikaci zai rubuta a rahoto cewa makiyaya ba sa son asibiti. Tun 1989 ƙasar nan ta kafa hukumar ilmin makiyaya, wato ta amince cewa mai yawo sai an bi shi da makaranta. Me ya sa ba a bin sa da awo da rigakafi haka? Sau da yawa allurar shanunsa kan riga ta 'ya'yansa isa ruga. Abin da ke samun Bafulatana shi ke samun Bakambariya a Neja da Kebbi, da Bagwariya a ƙauyukan Kaduna, da Bamagujiya a dajin Kano da Katsina, da matar da rikici ya koro daga Barno ba ta jin komai sai Barbarci.

Wulaƙanci ba ya tsayawa a kan wanda aka yi wa, yana zama gadon rashin yarda. Mu a Kano mun ga haka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba balle a nemi yardarsu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 ana raɗe-raɗin cewa allurar shan inna na hana haihuwa, ƙasa ta riga ta jiƙa, jita-jitar ta kama. Aka dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaran talakawa suka shanye. Jita-jitar ƙarya ce, kuma ta yi mana mummunar illa. Amma talakan da ya tambaya, "Me ya sa ake bi na har gida da wannan kyauta, alhali in ɗana na zazzaɓi ko farasitamol sai na saya?" tambayarsa tana kan hanya. Ba a shawo kan lamarin ba sai da sarakuna da malamai suka shiga, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida, aka haɗa da sabulu da gidan sauro da duba marasa lafiya. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Da aka girmama mutane, sai suka buɗe ƙofa.

Wanda har yanzu yake ganin jininmu ne ko ɗabi'armu, ya tsallaka Jibiya ya shiga Maraɗi. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auren wuri ɗaya, yawan haihuwa ma sun fi mu, kuma Nijar ta fi Nijeriya talauci nesa ba kusa ba. Amma daga farkon shekarun 2000 gwamnatin Tandja Mamadou ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, sannan tsakanin 2005 da 2006 ta mayar da tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, ta raba gidajen sauro, ta buɗe wuraren jinyar tamowa. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Tsarin ya sha wahala daga baya saboda gwamnati na jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, gaskiya ne. Duk da haka Hausawan can ba su canza al'ada cikin shekara goma ba. Asibiti ne ya matso kusa, kuɗin kati ya fita daga tsakani, iyaye mata suka yi ta kawo 'ya'yansu.

Talauci kuwa shi ne gindin da sauran biyun, jinsi da ƙabila, ke tsaye a kai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa; a Sakkwato kashi 91 cikin 100, a Ondo kashi 27. A ƙasar da fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, wannan hukunci ne. Shi ya sa talaka ke farawa da kemis, a yanko masa ƙwaya ta naira ɗari biyu, in ya ji dama-dama ya daina. Shi ya sa fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma, kashi 57 a binciken 2018, sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a yankin da ke noma wake da gyaɗa da waken suya yana lodawa zuwa Kudu.

Akwai cututtukan da ba sa kama kowa sai talaka tilis. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka buɗe a 1999 domin cutar da likitoci ke kira noma. Tana farawa ne da ɗan gyambo a dasashin yaro mai shekara biyu zuwa shida, wanda yunwa ko ƙyanda ta riga ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe da hanci. Tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke, alhali in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha ya ishe ta. Sai a Disambar 2023, bayan Nijeriya ta jagoranci neman haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ku kuma tuna Zamfara a 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Iyayensu na kawo duwatsun zinariya cikin gida, mata na daka su a turmi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Zinariyar ta tafi kasuwannin duniya, ƙurar ta zauna a jinin 'ya'yan ƙauyukan Dareta da Bagega.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, maganin mafi yawan wannan ba tsada gare shi ba, kuma a nan gida aka gwada shi. A 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate asibitoci goma na Jihar Kano domin masu jijjiga. Mutuwarsu ta faɗo daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da uku cikin ɗari. A 2023 aka buga sakamakon wani gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na ƙasar nan. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace, da ya kai iyaka sai a haɗa mata duk magungunan a lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60. Direbobin tasha ma, a jihohi da dama, an horar da su suna ɗaukar masu naƙuda cikin dare. Dabara ba ta ƙare mana ba.

Dokoki ma akwai su. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi; Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, yawanci ba ta wuce kashi 5 ko 6. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin asibitocin matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. A Nuwambar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Wasu jihohinmu ma sun kai kashi 15 ɗin nan a takarda. Amma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa ƙauye kuma daban. Kuma ko an saki, sai ka ga ya tafi ga katafaren gini a babban birni da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, maimakon albashin ungozoma biyu da za su kwana a asibitin mazaɓa. A ganina duk gwamnan da zai ba mu labarin nasara a fannin lafiya, kada ya faɗa mana matsakaicin jiha. Ya faɗa mana alƙaluman ƙaramar hukumar da ta fi kowace nisa, ya faɗa mana na ruga da na sansanin 'yan gudun hijira. A nan ake gane ko an yi aiki.

Saboda haka ina da roƙo, kuma zan fara da mu magidanta. Ranar da aka ce maka iyalinka na da ciki, ranar za ka ba da izinin asibiti gaba ɗaya, a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa ko kana nan ko ba ka nan a tafi da ita, ka fara ajiye ɗan abin da ya samu, ka san mai motar da za a buga wa, ka san rukunin jininta da wanda zai ba ta. Malamanmu, ku faɗi wannan a kan mumbari da irin ƙarfin da kuke faɗin sauran haƙƙoƙin aure. Iyayenmu sarakuna, ku sa dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo muku sunan duk macen da ta rasu wajen haihuwa a ƙasarku da abin da ya faru a daren, ku haɗa da arɗo a zaman, ku kai wa gwamnati a rubuce. 'Ya'yana ma'aikatan lafiya, na san ku biyu ne a kan aikin mutum goma, na san albashi na makara. Duk da haka matar da ta fi kowa datti a layin nan, wadda ba ta iya faɗin ciwonta da Hausa mai kyau ba, ita ce ta fi kowa kusa da mutuwa, ku fara da ita, ku nemo mai yi muku tafinta. Ku kuma ɗalibai, kowannenku ya je asibitin mazaɓarsu cikin makon nan, ya duba ko akwai ungozoma mai kwana, ko akwai ruwa da wuta, ko akwai maganin tsayar da jini da na jijjiga a kabad, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa kansila da ɗan majalisarsa, ya ajiye kwafi domin ranar da za su dawo neman ƙuri'a.

Allah Ya jiƙan matan da muka rasa a kan gwiwa, Ya raya mana waɗanda suka bari.